Lafiya Lau a Ƙarƙashin Ruwa

Lahadi, bayan Asuba

Ban je markaz ɗin nutso ba yau. Rigar nutsona tana rataye a banɗaki tun jiya, ruwan gishiri na ɗiga daga hannayenta, na kasa ɗauraye ta. Umma ta leƙo ta ce, "Mastura, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta ja ƙofa.

An sallamo taubashiyata Hikima daga asibiti tun jiya da yamma, da auduga a kunnen hagu. Likita ya ce dodon kunnen ne ya huje. Ya ce sau da yawa yakan haɗe da kansa, a dai jira, kada ruwa ya shiga. Sau da yawa ya ce, bai ce kullum ba, kuma maganar nan ce ta tsaya mini a wuya.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a tekun Abhur ba. Ba yau ba.

Lahadi, bayan Magariba

Na je gidan Gwaggo Indo. Ƙanwar Babana ce, mahaifiyar Hikima, kuma tun da na yi wayo ban taɓa shiga gidanta ba ta ɗora jabana, tukunyar gahawarta, a wuta ba. Yau a bakin ƙofa muka gaisa. Gaisuwa kuwa cikakkiya, ba ta rage mini ko ɗaya ba: ya gida, ya Umma, ya aiki, ya zafi. Na ce, "Gwaggo, ya mai jiki?" Ta ce, "Lafiya lau, alhamdulillah. Tana barci."

Ina jin ƙarar talabijin daga ɗakin Hikima, har da dariyarta. Gwaggo ta san ina ji. Ta ce, "Halas, ki gaida Ummanki." Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, da hantsi

Ni ce na bi gidaje a unguwarmu Nuzla ina lallashin iyaye su bar 'ya'yansu mata su koyi nutso. Ni ce na zauna a gaban Gwaggo ina tuna mata cewa mahaifinta masunci ne a Mai Wurno, ruwa gadonmu ne, ba za a ce teku na bayan gidanmu ba amma sai baƙi ne ke ganin abin da ke cikinsa. Ta yi dariya a ranar, ta ce kogin Nilu daban, wannan ruwan gishirin naku daban. Amma ta yarda. Da ta yarda sai sauran suka biyo baya, don a layinmu in Gwaggo ta ɗaga kai, kowa ya ɗaga.

Haka na samu mata huɗu: Hikima, Latifatu, Naja'atu, da Anti Khadijatu mai ɗinki, wadda ta ce ita kifi kawai take so ta gani da ransa kafin ta ci gaba da soya shi.

Ni ba malama ba ce tukuna. Mai koyon aiki ce a markaz ɗin nutso: in ɗauki tulun iska, in wanke kaya, in bi bayan ɗalibai ina lura yayin da Kabtin Lujain ke koyarwa a gaba. Ita ce mai takardar shahadar koyarwa. Wanda bai iya ba, ba a barinsa a hannun mai koyon aiki shi kaɗai, kowa a markaz ya san wannan. Ustaz Thamer, mai markaz ɗin, ya fi kowa sani. Ranar Asabar jirgin baƙi ya cika, ya tura Kabtin Lujain ta bi su, ya bar mini ajin ni kaɗai. Ya ce mini, "Ruwan bakin gaɓa ne, ga igiya, 'yan'uwanki ne, mafi mushkila, ba matsala."

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Abin da nake tsoro shi ne ajin nan ya mutu. In ya mutu, sai an yi shekaru kafin wata uwa a Nuzla ta sake barin 'yarta ta sa ƙafa a teku, kuma da sunana za a riƙa ba da labarin. Yau da safe Latifatu ta fita daga guruf ɗinmu na waya, ko sallama babu.

Laraba, da rana

Na ɗauraye rigar. Gishiri ya bushe a jikinta fari fat.

Alhamis, bayan La'asar

Na koma markaz. Tun daga Nuzla har Abhur ina shirya maganar da zan faɗa wa Ustaz Thamer, na jera ta tsaf, har da inda zan ɗaga murya. Ya tare ni da fara'a, ya miƙo mini ruwan sanyi. Ya ce, "Salamat, ya Mastura. Irin wannan yakan faru, kunne ne, zai warke. Jibi ma jirgi a cike yake, akwai sababbi uku, za ki ji da su a bakin gaɓa kamar wancan karon. Kin yarda? Tayyib?"

Na ce tayyib.

Wallahi da bakina na ce tayyib. Na fito ina jin haushin kaina kamar in mari kaina. Mutum ya girme ni, ya yi mini murmushi, ya ba ni ruwa, shi ke nan bakina ya mutu.

Kabtin Lujain ta same ni a ɗakin kaya ina dirzar tabaron ruwa da tuni na wanke shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ita ma ta san bai kamata ta hau jirgin nan ba. Sannan ta tambaye ni alamar da Hikima ta yi mini a ƙasa.

A cikin ruwa ba baki, da hannu ake magana. In ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe, lafiya lau ke nan. In ka shimfiɗa tafin hannu ka kaɗa shi gefe da gefe, akwai matsala, sai ka nuna wurin. Abu na farko da muke koyarwa ke nan, tun kafin a jiƙa ƙafa. Na ce wa Kabtin zobe Hikima ta yi mini. Duk lokacin da na waiwaya na tambaye ta, zobe.

Kabtin ta ce, "Mustahil. Kunne ba ya hujewa a ɓoye, sai ya yi ciwo mai tsanani tukuna. Lesh, me zai sa ta ce lafiya?"

Na ci gaba da dirzar tabaron. Amma jikina ya ba ni cewa na san dalili.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Hikima ta kira ni. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma minti biyu ba mu tsokani juna ba, don haka da na ɗaga ta ce, "Ke mai kashe mutane, ki yi magana ta dama, ta hagu an rufe shago." Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta bar ni na gama.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Na koya miki da hannuna."

Ta ce, "Ke fa, ya shekha. Ke kaɗai ce da mu huɗu. Ina ganin idonki ta cikin tabarau, ki dubi wannan, ki dubi waccan, Anti Khadijatu na juyawa kamar tulu. Kuma ranar ke ce malama, tun a mota kike washe baki. In ɗaga hannu a gaban mutane in ce ba lafiya, in ƙara miki? Na ce bari in daure, yanzu zai wuce."

Kara ta yi mini. Ta daure har kunnenta ya fashe don kada in ji kunya.

Haka aka rene mu gaba ɗaya. Ko zazzaɓi ya kwantar da ke, aka ce ya jiki, ki ce da sauƙi. A kan tudu wannan tarbiyya ce, ni ma ina alfahari da ita. Ban taɓa tunanin za ta bi mu har ƙasan teku ba. Littafin da muke koyarwa da shi kuwa, waɗanda suka rubuta shi sun ɗauka duk wanda aka tambaya zai faɗi gaskiyar jikinsa. Ba su san mutanen Nuzla ba.

Da na ajiye waya na tuna da tayyib ɗin da na ce jiya. Ashe ni ma zobe na yi wa Ustaz Thamer.

Asabar, da yamma

Na faɗa masa. Ba yadda na shirya ba, Larabcina ma ya cakuɗe da Hausa har ya ce in maimaita. Na maimaita. Na ce ba zan shiga da sababbi ba sai Kabtin Lujain na cikin ruwan. Ya ce baƙi na jira. Na ce na gani. Ya ce ko na manta shi ne ya ɗauke ni lokacin da sauran wurare ko amsa mini saƙo ba su yi ba. Na ce ban manta ba, Allah ya saka da alheri, amma ba zan shiga ba.

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Halas, ruhi, tafi gida. In kin huce sai mu ga ko akwai sauran magana."

Na ajiye makullin ɗakin kaya a kan tebur na fito. Na shiga mota. Ban san ko na gama da nutso ke nan ba. Abin mamaki, yunwa na ji, irin wadda rabona da ita tun ranar nan. Na tsaya a Bab Makka na sayi burodin tamis da waken ful, na cinye a cikin mota kamar wadda aka kora daga gida.

Litinin, da safe

Shiru daga markaz.

Laraba, bayan Azahar

Zaman gida ya sa na fara jin yadda muke gaisawa. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, mijinta na fama da sabunta iƙama, takardar izinin zama, kafilin da ya tsaya masa ya daina ɗaga waya, amma na ji Umma ta tambaye ta ta taga, ta ce lafiya lau. Baba ya dawo daga wurin aikinsa a Madinar Masana'antu bayansa a sanƙare, ya zauna da ƙyar, lafiya lau. Gwaggo kuwa ita ce shugabarmu. Shekara nawa gwiwarta na ciwo, tana hawa bene tana dafa bango, amma ka ce mata ya ƙafa, sai ta harare ka kamar ka tambayi shekarunta.

Na ce wa Umma, "Mu dai ko a makara aka tambaye mu, lafiya lau za mu ce." Ta jefe ni da murfin roba, ta ce in je in tsince shinkafa tunda teku ta sallame ni.

Alhamis, bayan Magariba

Na sake zuwa gidan Gwaggo da lemo. Ta karɓi lemon. Hikima tana barci, in ji ta.

Asabar, da hantsi

Yau Asabar kuma ina gida. Na yi kewar sanyin da ke shiga ta wuyan riga lokacin da kai ya nutse, da shirun nan da ba ka jin komai sai numfashinka. Na yi kewar har warin robar ɗakin kaya da nake ƙorafi a kansa.

Lahadi, bayan La'asar

Kabtin Lujain ta kira. Ta ce in dawo Talata. Ban san abin da ya gudana tsakaninta da Ustaz Thamer ba, kuma ba ta faɗa ba. Abin da na ji kawai shi ne jiya jirgi ya tashi ba da ita ba, ta zauna a bakin gaɓa da ɗalibanta, aka yi ta kiran wayarta tana kallon ruwa. Yanzu an raba: ranar da jirgi zai fita da ita, ba ajin sababbi. Ta ce, "Kada ki sa rai zai ba ki haƙuri." Na ce ban sa ba.

Na gaya mata abin da Hikima ta faɗa. Ta ce kakarta ma haka take, ko karaya ta yi alhamdulillah za ta ce. Ta ce, "To ya za mu yi da su?" Na ce ina da shawara, amma za ta yi dariya.

Talata, da yamma

Ustaz Thamer ya miƙo mini makullin ba tare da ya dube ni ba. Ruwan sanyi ma yau babu. Na wanke tulu goma sha wani abu ina waƙa.

Laraba, bayan Azahar

Hikima ta dawo daga wurin likita. Hujin yana haɗewa! Ta ce ta fara jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta hagu, kuma ba ta taɓa sanin ƙarar nan daɗi gare ta ba. Ruwa dai an hana ta sai nan gaba, sai likita ya sake dubawa. Na yi sujada a tsakar ɗaki, Umma ta shigo ta zaci faɗuwa na yi.

Juma'a, bayan La'asar

Na tara su a falonmu, ba ruwa, ba tulu, sai shayi da cincin. Naja'atu ta zo, Anti Khadijatu ta zo. Latifatu ta aiko a ce mijinta ya hana, ban kuma ga laifinsa ba. Hikima ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Na buɗe ƙofa na ga Gwaggo a bayanta cikin tobinta mai ruwan toka, tana haki, hannu ɗaya a jikin bango. Na ce, "Gwaggo, sannu da hawa, ya ƙafa?" Ta ce, "Lafiya lau." Ta wuce ta zauna a kujerar Baba, ta ce ita ba karatu ta zo ba, 'yarta ta rako.

Darasin ɗaya ne. Zan yi wa kowacce zobe, ita kuma dole ta kaɗa mini hannu ta nuna inda ke damunta, da gaske, ba na wasa ba. Abu kamar mai sauƙi. Na yi wa Naja'atu zobe, kafin ta ankara ta mayar mini da zobe. Muka sake, ta sake. Anti Khadijatu ta ce, "Haram, ya binti, ina zaune a gidanku ina shan shayinku, in ce miki ba lafiya?" Na ce, "Anti, a teku wadda ta ce ba lafiya ita ce ta taimake ni. Wadda ta yi mini kara ita ce ta kashe ni." Hikima ta ɗaga hannu ta ce ita ce shaida.

Da ƙyar Anti ta shimfiɗa hannu ta kaɗa, tana rufe fuska da mayafi, ta nuna wuyanta, ta ce keken ɗinki ne. Muka tafa mata kamar ta ci jarrabawa. Daga nan sai bakin kowa ya buɗe. Naja'atu ta nuna ƙirji, ta ce tun ranar farko in ta sa abin numfashi a baki tsoro ke kama ta, ta dai yi shiru ne don kada a ce ta cika raki. Da ban shirya zaman nan ba, da yaushe zan sani?

Gwaggo ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Da za su tafi ta tambayi Umma, ba ni ba, ƙarfe nawa ake fita gobe.

Asabar, bayan Magariba

Gwaggo ta bi mu har Abhur. Aka kafa mata kujera a inuwa ita da Hikima, ta zauna tana ƙare wa Kabtin Lujain kallo kamar mai zaɓen suruka. Ta tambaye ta ko ita ce malamar gaskiya, Kabtin ta ce ita ce. Ta ce, "Za ki shiga tare da su, ko za ki hau jirgi?" Kabtin ta ce tare za su shiga, tare za su fito.

Muka sauka a jikin igiyar nan, wadda ban sake taɓawa ba tun ranar. Kabtin a gaba, ni a baya, mata biyu a tsakaninmu. Na kama igiyar, na ƙi duban wurin da na sani. Ba mu yi nisa ba na taɓa kafaɗar Naja'atu na yi mata zobe. Na ga yatsunta sun fara haɗuwa, sai ta tsaya. Ta shimfiɗa hannu ta kaɗa, ta nuna kunnenta.

Ban taɓa murnar jin mutum ba shi da lafiya ba sai yau. Muka tsaya duka, muka ɗan haura sama, ta toshe hanci ta hura a hankali, ta jira, ta sake. Sannan ta yi mini zobe, kuma wannan karon na yarda da shi. A ƙasa wani kifi mai ruwan ɗorawa ya zo dab da tabaron Anti Khadijatu, ta saki ihu a cikin abin numfashi, kumfa ta tashi fal.

Da muka fito Anti ta riga kowa isa inuwa, tana ɗigar da ruwa, tana ba Gwaggo labarin kifin da kuma yadda aka tsayar da kowa saboda kunnen Naja'atu, ba wanda ya ji haushi. Gwaggo tana saurare tana kallon Hikima. Na ajiye tulu na ƙaraso. Ban san abin da zan ce ba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba. Na ce, "Gwaggo, ya ƙafa?"

Ta dube ni. Sannan ta zaro hannu daga cikin tobi, ta shimfiɗa shi a iska, ta kaɗa gefe da gefe, ta ɗora yatsa a kan gwiwarta ta dama.

Hikima ta buɗe baki za ta yi magana, Gwaggo ta ce ta rufe mata baki. Ta ce da ni, "Litinin ki zo ki kai ni wurin likita. Ki zo da wuri, jabana ba ta jiran mutum."